Zaren da Aka Zura ta Dama

"Sau ukku ke nan ana ɗaga ranar auren ga, Mahbuba. Ki hwaɗa min gaskiya, mi niy yi miki?"

Mahbuba ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Nu'man bai yi mata komai ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Shekara biyu yana tsallako iyaka daga Tawa, inda yake da shagon atamfofi, don kawai ya zauna a zauren nan ya ga murmushinta.

"Ba kai ba ne, abin ƙaunata... Inna ce. In na tahi, wa za ya zura mata zare?"

"Zare? A kan zare za ki bar ni?"

Ta tashi ta shige cikin gida kafin kuka ya ƙwace mata.

Inna Safiyyatu tela ce. Rabin amaren Illela da ɗinkinta suka tare, da keken ɗinkin nan kuma ta raini marayunta har suka watse gidajensu, saura auta Mahbuba. Sai amosanin gaɓɓai ya kanannaɗe mata yatsu. Ƙafa na taka keke, ido na gani tar, amma ta kama bakin zare ta kai shi kafar allura ya gagara. In zare ya tsinke sau goma a wuni, sau goma za ka ji "Auta..." a hankali, kamar mai roƙon gafara. Ranar da Mahbuba ta daɗe a gidan suna, ta dawo ta tarar da ita zaune tun azahar, zare a leɓe, hawaye na sauka kan atamfar mutane.

Tun daga ranar ta daina nisa da gida.

Kwana huɗu da zuwan Nu'man, ta dawo daga Islamiyya Inna ta kira ta da fara'a.

"Taho ki gani, ɗiyata. Yau ni da kaina niz zura shi. Hannun ya saki, sai ki bari a sa rana."

Mahbuba ta duƙa cike da murna. Ga zare kuwa a cikin allura. Sai dai ta dama aka zuro shi. Keken Inna ta hagu yake karɓar zare, wannan ne abu na farko da ta koya mata tana 'yar shekara tara, har da ranƙwashi. Ga kuma ƙamshin turaren da ta sani ko cikin barci, bai gama barin ɗakin ba.

"Inna... Nu'man ya zo?"

Inna ta kau da kai. Can ta yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Ni na aika mishi shi taho. Ya aje kunyar surukuta ya durƙusa nan, zuhwa na zuba kamar mai noman rani. Da ƙyar ya samu kafar. Na ga ta dama ce, na kasa ce mishi shi sake... ni kuma na kasa gyarawa."

Mahbuba ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka. Mutum biyun da ta fi so a duniya sun haɗa baki sun yi mata ƙarya, ƙaryar ma ba su iya ba.

"Ba ni zuwa ko'ina, Inna. Ina nan."

"Kina nan har yaushe? Hannun ga ba ya dawowa, Auta. Na daɗe da sani."

Ta sa tafukan hannunta biyu ta tallafo almakashi, ta yi ta fama har ya kama zaren. Mahbuba na kallo, ta rasa yadda za ta hana ta. Zaren ya faɗi ƙasa.

Inna ta janyo tsohon zanen da take rufe keke da shi in an tashi aiki, ta rufe shi da rana tsaka.

"Ki ce ma Nu'man shi samo mota mai wuri. Keken ga tare da ke za ya tahi Tawa."