Hannu Ɗaya a Aljihu

Ku matso. Ladidi, daina dariyar nan, ɗazu na ji ki kina kwaikwayon Kawu Tanimu a zaure. Kuna tsammani haka aka haife shi bebe? To ku saurara. Shi da kansa ya rubuta wa babana labarin a bayan kwalin batir, ni kuma na karanta.

A lokacin Kawu yana da shagon gyaran rediyo a bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Surutu gare shi kamar me, har waƙa yake yi in yana aiki. Wanda ya koya masa sana'ar, Malam Gwadabe, shi ne bebe. Bai taɓa ce masa uffan ba, da duka ya koyar da shi. Dokarsa ɗaya ce: in za ka taɓa cikin na'ura irin ta da, mai 'yan kwalaben gilashi da ke yin ja in an kunna, hannu ɗaya a aljihu. Irin waɗannan suna riƙe wuta ko an zare su daga soket, in ka sa hannu biyu sai ta bi ta ƙirjinka. Duk ranar da Kawu ya manta, sai ya ji sukundireba a bayan hannu. Tsohon ya rasu, shagon ya zama nasa.

Wata Juma'a, rana tsaka, layin shagunan ya watse, kowa ya tafi masallaci. Kawu ya ɗauko kwaɗo zai kulle. Sai ga mutum a bakin ƙofa.

Dogo ne, da farar riga har ƙasa. Yana riƙe da amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, irin ta da, wadda ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi. Shi da yatsa biyu ya riƙo ta.

Bai yi sallama ba. Ya ajiye ta a kan tebur. Bakinsa ya motsa, shiru. Sai da ya rufe bakin sannan maganar ta iso.

“Ta ƙi kamawa.”

Kawu ya ce, “Alhaji, sai bayan salla.”

Bakin ya sake motsi. Kawu ya tsaya yana jiran maganar.

“Muna da biki da la'asar. In ba ta yi magana ba, za mu ari muryarka.”

Kawu ya so ya ruga. Ƙafafun suka ƙi. Ya leƙa waje, ko akuya babu a layin.

To, me zai yi? Ya fara abin da ya iya. Ya jona rediyonsa a soket ɗin, ta kama, ashe akwai wuta. Ya gwada wayar amfilifayar da mita, lafiyarta ƙalau. Ya ciro fis ya ɗaga shi a haske, zaren cikinsa bai tsinke ba. Duk da haka ya canza sabo. Ya jona ta a soket, ya danna makunni. Ko ɗan jan fitilar nan bai ƙyafta ba.

Mutumin yana tsaye. Ba ya ƙifta ido. Kuma duk zafin nan, babu inuwarsa a ƙasa.

Kawu ya kwance bayan amfilifayar. Wani wari ya fito, irin na tsohuwar rijiya. Kwalabe huɗu a jere, sanyi ƙalau. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙafafunsu, ya mayar. Ya auna makunni. Ya auna taransifoma. Komai daidai. Wallahi da ya ga abin da ya ƙone da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya san abin da zai canza. Amma komai lafiya, kuma ta ƙi.

Daga nesa ya jiyo liman ya tada salla. Kawu ya fara kuka, babban mutum da gemu.

“Alhaji, ka yi wa Allah ka kai wa wani. Ta fi ƙarfina.”

“Nan aka gyara ta wancan karon.”

Kawu ya sunkuya ya haska can ƙurya da tocila. Ga ɗigon dalma uku a jere. Alamar Malam Gwadabe ce, haka yake sa wa duk abin da ya gyara. Kusa da ita wata siririyar waya ta rabu da mahaɗinta, tazarar ba ta kai kaurin tsinke ba.

Daɗi ya kama shi. Ya ga tsira. Bai zare soket ba, bai jira komai ba. Ya danne ƙarfen jikinta da hagu, ya kamo wayar da dama.

Hannu biyu, Ladidi.

Ya rubuta cewa bai ji zafi ba. Wani sanyi ne ya shiga ta hannun dama, ya tsaya a maƙogwaronsa kamar mai zaɓen kaya, ya fita ta hagu. Jan fitilar ya kama. Kwalaben suka fara ja a hankali. Lasifikar ta yi gurnani, sannan wata murya ta fito, ta tsoho, a gajiye, tana ƙarewa. Bai taɓa jin ta ba, amma ya gane mai ita.

“Shekara tara ina dukan hannun nan, Tanimu.”

Daga nan muryar ta mutu. Sai wata ta maye gurbinta, sabuwa, garau, tana rera waƙar da Kawu yake yi in yana aiki.

Ya buɗe baki zai yi salati. Iska kawai ta fito.

Mutumin ya ɗauki kayansa da yatsa biyu. Ya ajiye kwalba ɗaya a kan tebur, ladan aiki. Kawu yana jin tasa muryar tana tafiya, tana bin layin dogo, har ta ɓace.

Kwalbar tana nan. Ita ce abin da yake ɗaure da shi a tsumma cikin aljihun hagu, wanda kuke cewa goro yake ɓoye muku. Na taɓa ta sau ɗaya. Da ɗumi, kamar yanzu aka kashe ta. Duk ranar Juma'a yakan kara ta a kunne, ya daɗe a zaune, leɓɓansa na bin wata waƙa.

Saboda haka kar wanda ya kuskura ya bi bayan tasha shi kaɗai da rana tsaka, ko aikensa aka yi. Kuma gobe in Kawu ya buge miki hannu don kin kai shi bayan talabijin, Ladidi, ki ce masa na gode. Ba shi da wata hanyar da zai gaya miki.