Bokitin Sharar Auta

Aikin Auta a gida guda ɗaya ne. Kowace safiya za ta kai shara bola kafin ta tafi makaranta. Bolar tana can ƙarshen layi, bayan shagon mai faci. Magudanar ruwa kuwa ga ta nan a bakin ƙofa.

Tun tana aji biyu ta gano dabara. Sai ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta juye bokitin a magudana.

"Har kin dawo?" in ji Inna.

"Da gudu na je."

Shekara huɗu tana wannan gudun.

Magudana ta toshe. Duk damina ruwa ya taru ya kwanta a jikin bangonsu. Fenti ya kwaile. Tsaga ta fito daga ƙasa har taga.

Ana nan sai Yaya, babban wanta, ya samu gurbin karatun likita a wani gari mai nisa. Baba tela ne. Ba shi da gona, ba shi da mota. Gidan nan shi ne guminsa na shekara goma sha biyar.

"Zan sayar, mu sayi ƙarami," in ji shi. "Abin da ya rage Yayanku ya yi karatu da shi."

Dillali ya zo. Ko zama bai yi ba. Ya danna babban yatsa a bango, siminti ya zubo kamar gari. Sannan ya faɗi farashi.

Baba ya riƙe ƙofa. "Ai ko yadda na saye shi bai kai ba. Abokina direba ya sayi irinsa a layin sama, wata ɗaya da ni. Bara ya sayar ninki huɗu."

"A layinsu ruwa wucewa yake yi. A naku kwana yake yi," in ji dillali. "Maigida, ni ban ga gida ba. Kududdufi na gani mai ƙofa."

Yaya ya ninke takardar makarantar, ya sa ta a aljihun keken ɗinki. Washegari ya fara sa maɓalli a shagon Baba.

Kwana uku Auta ba ta ci abincin kirki ba. A na huɗu ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ni ce. Ban taɓa kai sharar nan bola ba."

Baba ya daɗe yana kallonta. Bai dake ta ba. Ya ɗauko shebur biyu, ya miƙa mata ɗaya.

Suka yi ta haƙa cikin ɗoyi. Suka fito da leda, da gwangwani, da tsumma. Can sai ga wani ƙaramin takalmi shuɗi, ya tsinke.

"Na waye wannan?" in ji Baba.

"Nawa ne," ta ce, tana kuka.

Amma sharar ta fi ƙarfin gida ɗaya. Rabin layin a nan suke zubawa.

A makaranta Malama ta ga hannun Auta duk ya yi kanta saboda riƙon shebur. Ta tambaye ta, ta ji labari.

"Laifinki kin amsa, kuma laifi ne babba," in ji Malama. "Saura na ofishin tsabta. Duk wata suna karɓar kuɗin kwasar shara. Yaushe rabon da ku ga motarsu?"

"Shekara uku."

"To, ɗauko biro. Sa kwanan wata a sama. Kada ki rubuta 'ku taimaka mana'. Ba bara muke yi ba. Rubuta 'ku zo ku yi aikin da aka biya ku'."

Takarda shida Auta ta kai, ba amsa. Ta bakwai ta bi gida gida, kowa ya sa hannu. Baba ya rufe shago, maƙwabta suka raka shi har ofis. A mako na gaba mota ta zo.

Damina biyu suka wuce, ruwa bai kwana a layin ba. Bango ya bushe, Baba ya yi masa sabon shafe. Dillali ya dawo. Wannan karon ya zauna, har ya sha ruwa. Farashin da ya faɗa ya ninka na da sau biyu. Bai kai na direba ba, amma ya isa. Baba ya sayar.

Yaya ya sake neman gurbi, ya samu. Sa'o'insa sun riga shi da shekara biyu.

Ranar tafiya Auta ta riƙe masa jaka. "Yaya, ka yafe mini shekarun nan."

"Na yafe, sarauniyar gudu," ya ce, yana dariya.

Baba ya dafa kanta. "Gida dukiya ce mai tashi da faɗuwa, Auta. Abin da kika yi a ƙofarsa yau, shi za a biya ki bayan shekaru. Ki kula da naki, kuma kada ki yi shiru in an danne haƙƙinki."

A sabon gidansu bola ta fi nisa. Kullum Auta tana zuwa har can.