Bishiyar da Ramiro Ya Sare

Rana ta faɗa bayan duwatsun yammacin garin Carson City, sanyi ya sauko. Graciela tana dafa wake, mijinta Ramiro Salcido yana tura icce a murhu. Shi ke kula da lambun shaƙatawa na gari, kuma a makon nan aka sa shi ya sare tsohuwar bishiyar da ta girmi garin kansa, wadda masu haƙar azurfa na farko suka sha inuwarta. An yanki gindinta an kai gidan tarihi, sauran aka ce ya kwashe.

Wuta na kama iccen bishiyar, dutse ya faɗo a kan rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Ramiro ya fita yana zagin yaran maƙwabta, bai ga kowa ba. Da ya dawo sai ya tarar da 'yarsu Yesenia, mai shekara goma sha huɗu, ta tsuguna gaban murhu tana zaro iccen da hannu, wutar ba ta ƙona ta.

Ta juyo a hankali. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, busasshiya.

"Da ɗakina kuke dafa wake?"

Daga ranar gidan bai sake ganin kwanciyar hankali ba. Almuru na yi jifa ke farawa. Yesenia ta daina cin abinci, sai ruwa. Takan tsaya a tsakar gida hannuwa a sama, ko motsi babu, fatarta tana tsagewa kamar ɓawon icce. Likitoci sun duba, ba su gano ciwon ba.

Graciela ce ta nemo Doña Eufemia, tsohuwar mai magani da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tsohuwar ta iso dab da faɗuwar rana, ta kunna kyandir da turare, ta yi addu'o'inta, sannan ta zauna gaban yarinyar.

"Wane ne kai?"

"Ina wurin nan tun ba a kafa tanti ko ɗaya ba. Sun zo sun haƙa, sun gina, ban taɓa kowa ba. Yanzu zuciyar gidana tana cikin gilashi, 'yan makaranta suna ƙirga shekarunta suna dariya."

"Yarinyar ba ta riƙe zarto ba. Ka sake ta."

"In tafi ina, tsohuwa? Ke za ki ba ni masauki?"

Doña Eufemia ta dubi Ramiro. "Ɗana, akwai reshe ɗanye da ya rage?"

Ya ce akwai. Ta ce da aljanin za a dasa masa shi a inda tsohuwar bishiyar take, gobe da sassafe.

Bakin Yesenia ya yi wata dariya. "Tsiro ba ya ɗaukar ni. Sai ya yi inuwa. Kafin nan ina zaune a nan."

Graciela ta fashe da kuka. Ramiro ya dubi 'yarsa, ya ga ƙasusuwan wuyanta a waje, ya san ba za ta kai bazara ba. Ya matso.

"Ni na sare. Ka dawo kaina."

"Ɗana, ka san abin da kake faɗa?" in ji tsohuwar. "Shekaru ne fa."

"Na sani, Iya."

Kyandir ya mutu. Yesenia ta zube ƙasa, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Mama, yunwa nake ji."

Washegari ya dasa reshen da hannunsa, kuma daga nan bai sake magana ba. Yesenia ta warke, ta girma, har ta yi aure. Kullum da yamma takan kai wa mahaifinta abinci a lambun, inda yake tsaye shiru kusa da 'yar bishiyar. Takan gwada tsawonta da kafaɗarta, sannan ta gyara masa hula.

"Baba, bana ta wuce kaina."

Ya dube ta da idanun da ba nasa ba.