Ɗaurin Cikin Hure

Wata biyar ke nan Hure tana fitowa bakin titin Minjibir duk ranar kasuwar Ɗambatta, ta tsaya gindin darbejiya da farantin gyaɗa a ka, idonta a kan kowace mota. Ba ciniki ke kawo ta ba, labarin 'yarta take nema. In ta ga wanda ta sani ya sauko sai ta matsa ta ce: "Don Allah kun ga yarinyar? Ta fara tafiya?" Wani ya ce bai kula ba, wani ya kau da kai. Ta koma gidan kawunta Sha'aban, inda take zaune tun da aka koro ta, ta shige ɗaki ta rungume tsumman goyo tana kuka... Wayyo maraici! Da uwarta ko ubanta na raye, wa ya isa ya raba ta da jaririya 'yar wata tara?

Ga yadda abin ya faro. Mijinta Badaru ɗan ci-rani ne, rabin shekara yana Ikko. Gidan kuwa a hannun yayarsa Tahira yake, wadda ita ce ungozomar ƙauyen nasu na kusa da Ɗambatta, mace mai baki kamar reza. Da cikin fari na Hure ya fara turowa, Tahira ce ta kira ta gefe ta ce, "Ke ba ki da kunya ne? Ki riƙa yawo da ciki gaba a gaban Baba? Ɗaure shi!" Hure ta ce, "To, Yaya." Ta riƙa tamke zane a ƙarƙashin hijabi har numfashinta na sarƙewa, don kada a ce ba ta da tarbiyya.

Ranar haihuwa, a hannun Tahira Hafsatu ta faɗo, kyakkyawa jawur. Sai dai hannunta na dama ƙarami ne, yatsun gajeru, uku a manne da juna, ƙirjinta ta wannan ɓangaren kuma a lotse, babu tsoka. Tahira ta tabbata gobe gari zai ce ita ta ja yarinya ta nakasa ta. Kafin kowa ya buɗe baki ta rafka salati ta nuna mai jego: "Kin gani ko? Kin matse 'yar mutane a ciki har hannu ya ƙi fita! Wa zai auri wannan in ta girma?" Ta bi gida gida da maganar, a gidan suna, a bakin rijiya, har a waya ta kira ƙaninta tana kukan ƙarya. Ba ta taɓa faɗin wanda ya ce a ɗaure ba, Hure kuma kunya da tsoro suka hana ta faɗa. Bayan wata tara saƙon Badaru ya iso: ta je gida sai ya neme ta, a bar yarinya wurin Yaya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma ta yarda. Ai ta ɗaure ɗin! Kullum bayan sallar la'asar takan ɗaga hannu hawaye na zuba: "Ya Allah, ni na cuce ta, ban sani ba... Ka hukunta ni, amma ka bar ni in gan ta ko daga nesa ne." Nononta ya yi ta zuba yana jiƙa riga har ya gaji ya kafe. Ta rame, ta yi baƙi, ko waƙar daka ta daina.

Da damina ta faɗi Badaru ya dawo noma, ya tarar da 'yarsa kwance da zazzaɓi, ba ta ci, ba ta wasa. Ya ɗauke ta da Tahira zuwa wani asibiti a Kano. Likitar ta duba zazzaɓin, sannan ta riƙe ɗan hannun tana juyawa. "Ina uwarta?" Tahira ta yi caraf ta ce, "Ai uwar ce ta yi mata haka da ɗaurin zane." Likita ta cire tabarau ta dube ta. "A kawo min uwar gobe."

Washegari da hantsi kawu Sha'aban ya kawo Hure. Tana shiga ta durƙusa tun ba a tambaye ta ba: "Likita, ni ce. Tun wata biyar nake ɗaurewa har na haihu."

"Tashi, 'yar uwa," in ji likita. "Wata biyar kika ce? Wannan abu ya riga ya faru tun cikin yana da kwana arba'in da 'yan kai, lokacin ɗan tayin bai fi ƙwayar wake ba, ke kanki ba ki tabbatar kina da ciki ba. A lokacin ne hannu da tsokar ƙirji ke fara tsirowa. Masana sun fi zaton jijiyar da ke kai jini wannan ɓangaren ce ba ta kai isasshe ba. Ɗaure ciki ba kyau, kada ki ƙara, amma ba shi ya jawo wannan ba. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma laifin ungozoma ba. Yatsun nan ana iya raba su da aiki, kuma yarinyarki lafiyayya ce."

Hure ta dafa bango ta fashe da kuka mai ƙarfi. "Ashe ba ni ba ce... Yaya, kin ji? Ashe zanen da kika ce in ɗaura bai taɓa ta ba!" Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, albishir take yi wa matar da ta raba ta da 'yarta!

Badaru ya juyo a hankali. "Yaya, ke kika ce ta ɗaure?" Tahira ta sunkuyar da kai. Ta rusa gidan ƙaninta don kare sunan da babu wanda zai taɓa.

Da labari ya isa kunnen mahaifinsu Malam Iliyasu, ya rantse sai Tahira ta koma duk gidan da ta kai maganar ta warware ta da bakinta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kanta a ƙasa, mata na binta da kallo. Tun daga ranar babu mai naƙudar da ta sake aika a kira ta.

Amma a ranar, a ɗakin asibitin nan, Hure ba ta ma ji ban haƙurin da mijinta ke yi mata ba. Gadon da aka kwantar da 'yarta kawai take kallo. Ta miƙa hannu biyu, Hafsatu ta dube ta kallon baƙuwa, ta juya baya ta fara kuka. Hure ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ba ta taɓa ta ba, tana ta hawaye shiru har aka kira azahar. Can yarinyar ta juyo, ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙo ɗan ƙaramin hannun nan ta damƙi gefen hijabinta. Da ma'aikaciya ta zo yin allura, ta yi ta yi ta ɓamɓare yatsun, suka ƙi saki.