Takardar da Aka Cusa a Murhu

Gwaggo Baturiya na zaune a tsakar gida tana goge kwanukan jere tana 'yar waƙarta, sai ga Muhsina ta yi sallama. Maimakon ta ƙaraso ta zube kusa da ita kamar kullum, sai ta toge can bakin rijiya, takunkumi a fuska, idanu jawur.

"Ke kuma lafiya kika tsaya can kamar baƙuwa? Ƙaraso ki ga abin arziki!"

"Gwaggo, kar ki matso kusa. An yi mana gwaji yau a wurin aiki... na kamu."

Muhsina 'yar yayan Gwaggo ce, marainiya, a bayanta ta girma. Tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a nan Bebeji, kuma saura mako biyu cif a ɗaura mata aure da Sadisu, wani saurayi ɗan Tiga mai su da noman rani. A lokacin an daɗe da janye dokar kulle. Kasuwa ta cika, makarantu sun buɗe, takunkumi ya koma abin goge madubin babur. Likitansu ne kawai ya kafe kai da fata, duk ranar Litinin sai an zura wa kowane ma'aikaci tsinke a hanci. Su kansu ma'aikatan tsaki suke yi.

"Kin kamu da me?" Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Korona ce. Ni ba na jin komai sai ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro. Likita ya ce in killace kaina kwana goma."

"Korona! Kai, kin tsinka mini hanji a banza! Wace koronar kuma ana zaune ƙalau? Ba ta tafi da kayanta ba tun bara?" Ta miƙa hannu. "Mu ga takardar."

Gwaggo ba ta iya boko ba, amma ta juya takardar gaba da baya kamar mai karantawa. Can sai fuskarta ta canja.

"Ke Muhsina, jibi fa Inna Rabi, kakar Sadisu, ta ce a kai ki Tiga ta gan ki. Me za mu ce musu? An yi wa amarya gwaji an samu cuta? Wa kike zaton zai tsaya tambayar wace cuta? Gwajin amarya ɗaya mutane suka sani, na ƙanjamau! Kafin maganar ta tsallaka titi an yi mata hannu da ƙafa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ba zan ji wannan kunyar ba."

"Gwaggo, tsohuwa ce fa, kuma tana da asma..."

"Tsofaffi nawa suka ga koronar suka ga bayanta? Rufe mini baki!"

Ta miƙe ta cusa takardar a murhu, ƙarƙashin tukunyar wake.

To, a nan kam ba zan ɗora wa Gwaggo laifin duka ba. Ita jahilci ne da tsoron bakin duniya. Muhsina fa? Ita ta sani sarai. Da la'asar Sadisu ya kira ta, murya cike da murna.

"Amaryata! Wallahi Inna ta hana kowa sakat. Ta sa an share ɗaki har sau biyu, ta aika ruga a kawo mata kindirmo. Jibi kina tafe dai ko?"

Maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta tuno shekara uku da ya yi yana zarya a kan babur daga Tiga, ruwa da rana. Ta tuno yadda yake kallonta. Tsoro ya kama ta, ta haɗiye maganar.

"Ina tafe, Yaya Sadisu. Ba matsala."

Ta lallashi zuciyarta da cewa za ta sa takunkumi, ta zauna nesa, ta gaisa a tsaitsaye ta fito.

Inna Rabi kakar Sadisu ce ta wajen uba, ita ta yaye shi kuma a ɗakinta ya tashi. Tun lokacin da ruwan dam ya cinye ƙauyensu aka dawo da su Tiga, ita ce uwar gidan gaba ɗaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai barkwanci, ɗakinta ƙarami, taga ɗaya. Muhsina ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta, kai a sunkuye.

"Ah ah! Daga can za ki gaishe ni? Matso nan in ga wadda za ta ƙwace mini miji!" Matan gida suka kwashe da dariya. "Kuma mene ne wannan a bakinki? Mu a garinmu jaki ake sa wa takunkumi, don kar ya ci hatsin mutane. Hatsin wa kika ci?"

"Inna, ɗan mura nake yi..."

"Mura! Ni da na haifi tara zan ji tsoron mura?"

Ta jawo ta jikinta, ta sa hannu ta zare takunkumin da kanta. Ta tallafi fuskarta tana kallo, tana sa albarka. Ina amarya za ta iya ture hannun kakar miji a gaban dangi? Kunya ta ɗaure ta tamau. Aka kawo fura a ƙwarya, Inna ta miƙa mata ludayi.

"Sha ki ba ni. Wanda kuka sha da ludayi ɗaya ba ya ƙin ka."

Muhsina ta ɗan kurɓa kai a sunkuye, kowa ya ɗauka kunya ce. Tana kallo tsohuwa ta karɓi ludayin ta kai baki.

Daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Duk sanda waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Gwaggo kuwa sai cewa take, "Kin gani ko? Me ya faru? Ba komai!" Kwana ɗaya, biyu, har biyar shiru. A rana ta shida da hantsi Sadisu ya kira, babu ko amaryata.

"Muhsina, jikin Inna ya rikice. Zazzaɓi tun shekaranjiya, yau kuma numfashi. Ko za ki zo ki duba ta? Ta ƙi asibiti."

Ba ta ko tsaya neman mayafi mai kyau ba. Ta ɗaura takunkumi biyu ta hau mota.

Ta samu ɗakin cike da mata da hayaƙin turare, an rufe tagar wai kar sanyin dam ya shigo. Inna na jingine da bango, ƙirjinta na sama da ƙasa, leɓenta ya yi duhu. Muhsina ta buɗe tagar, ta roƙi matan su fita, ta maƙala mata ɗan abin auna iskar jini a yatsa. Lambar da ta gani ta yi ƙasa ƙwarai.

Ta fito zaure inda Malam Mahmudu, mahaifin Sadisu, yake zaune da ƙannensa. Sadisu na tsaye a gefe. Ta durƙusa.

"Baba, a yi haƙuri, jikin Inna ya wuce na gida. Sai an kai ta babban asibiti yanzun nan a sa mata oksijin. Kuma a ce musu su yi mata gwajin korona."

"Asmarta ce, 'yata. Duk shekara tana tashi, mu yi mata sirace ta kwanta," in ji Malam Mahmudu. "Korona kuma ana zaune lafiya? Ina Inna za ta samo korona, matar da ko zauren nan ba ta leƙowa? A bari zuwa gobe mu gani."

Gobe! Muhsina ta san babu tabbas Inna ta kai goben. Ta kuma san amsa ɗaya ce za ta tashe su daga tabarmar nan, kuma amsar za ta iya tafiya da aurenta. Ta ɗaga ido ta dubi Sadisu sau ɗaya, hawaye suka ɓalle.

"A wurina ta samu, Baba."

Duk suka juyo suka zuba mata ido, ta ci gaba.

"An yi mini gwaji kwana biyu kafin in zo, aka ce ina da ita. Na sani na zo. Na sani na sha furar nan na miƙa mata ludayi. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama, amma don girman Allah ku ɗauke ta yanzu!"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Malam Mahmudu ya miƙe tsaye. "Sadisu, nemo mota!"

Bayan an sa Inna a mota, Sadisu ya tsaya a gabanta. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Ni na kira ki ranar, Muhsina. Kika ce mini ba matsala."

"Na ji tsoro, Yaya Sadisu. Na ji tsoron a ce..."

"A ce me? Da kin gaya mini, wallahi ni zan tsaya miki a gaban kowa. Ba cutar ce ta ƙona mini rai ba, kowa na iya kamuwa. Kin san wace ce Inna a wurina."

Ya shiga mota ya ja ƙofa. Washegari saƙo ya iso Bebeji daga Malam Mahmudu: an ɗage biki, babu wata maganar aure sai an ga abin da Allah zai yi da tsohuwa.

Abin da Gwaggo ta guda kuwa shi ya same su, har da ƙari. Kafin kwana biyu an baza cewa an gwada amarya an same ta da ciwon zamani. Masu zuwa jaje suka yi ta sintiri, ba don jajen ba, don su ƙare mata kallo su ga ko ta rame. Gwaggo ta tattara kwanukan jere ta tura ƙarƙashin gado, ta zauna tana kuka.

"Ni na cuce ki, 'yar nan. Ni na ƙona takardar."

"Ke kika ƙona takarda, Gwaggo, ni na taka da ƙafata na je."

Ba ta bi kowa da bayani ba, ba ta kuma kira Sadisu ta dame shi da magiya ba. Ta koma aiki da aka sake gwada ta aka ga ta warke. Ta riƙa azumi, duk sujada addu'arta ɗaya ce: Allah Ya tashi kafaɗun Inna, ko da auren ba zai yiwu ba. Can Tiga kuma aka gwada mutanen gidan kaf, har da masu cewa ba mai zura musu tsinke a hanci. Aka samu mutum uku da ita, aka ware su, ciki har da wata mai tsohon ciki.

Sai da Inna ta yi kwana goma sha shida a asibiti kafin a sallame ta. Likita ya gaya wa Malam Mahmudu cewa da an ƙara kwana ɗaya a gida, da wani labarin ake yi. Da ta ɗan murmure, ta sa aka tara mata ɗanta da jikanta, ta ce a ɗauko mata Muhsina.

Muhsina ta shigo ta zube, kuka ya hana ta gaisuwa.

"Inna, ki yafe mini..."

"Kin yi laifi." Tsohuwa na magana tana hutawa. "Babba ma kuwa. Ba zan ce ba ki yi ba." Ta juya ga ɗanta. "Amma Mahmudu, ina tambayar ka. Da yarinyar nan ta ja bakinta ta yi shiru, wa zai sani? Da kun binne ni kun ce asma ce, an share makoki an sha biki. Ta ajiye aurenta a gabanku ta ɗauki raina. Irin wannan ake saki?"

Malam Mahmudu ya sunkuyar da kai. Sadisu ya share ido da hannun riga.

"Kai kuma maigidan, fushin ya isa haka. Na yafe, saura kai."

"Na yafe, Inna," Sadisu ya faɗa a hankali. Sannan ya dubi Muhsina. "Amma daga yau, komai ɗacinsa, ni za ki fara gaya wa."

"Na yi alkawari."

Su biyun suka je aka yi musu gwajin aure, Malam Mahmudu da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci ya bayyana wa jama'a gaskiyar abin da ya faru, bakin 'yan gulma ya mutu. Bayan wata biyu aka ɗaura aure.

Ranar da aka kai amarya Tiga, mata suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗaki suna jira. Ashe a gidan nan, shekara arba'in, ba a taɓa shigar da amarya ba sai da guɗar Inna Rabi, guɗar da ake cewa masunta na jiyowa daga cikin kwalekwale. Aka riƙo ta ta fito. Ta kama hanci, ta ja numfashi, ta ɗaga kai. Sautin ya fito siriri, bai kai ko'ina ba ya tsinke, tari ya sarƙe ta. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta yi murmushi ta yafito wata jikarta.

"Karɓa min, 'yar nan. Tawa ta ƙare."

A ƙarƙashin lulluɓi Muhsina ta fashe da kuka mai cin rai. Mata suna ta cewa, "Kukan amarci ne, yi haƙuri, kowa da haka ta saba." Sadisu kaɗai, da ke tsaye daga nesa, ya san ba shi ba ne.

Sun zauna lafiya, Allah Ya ba su zuri'a, haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Amma 'yan'uwana, ku riƙe wannan: gwaji ba tonon asiri ba ne, kuma cuta ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne abin kunya. Gaskiyar da aka faɗa a makare tana iya ceton rai, tana iya ceton aure, a yafe maka har zuciya. Sai dai ba duk abin da shirunka ya karya ne yake ɗoruwa ba.