Mazajen Takarda

"Alewar wa ce wannan, Inna?"

Inna ba ta ɗago ba, tsintar shinkafarta kawai take yi.

"Daga gidan su Sumayya aka aiko. An sa mata rana."

Lubna ta daka tsalle. "Sumayya ƙawata? Lallai yarinyar nan ta iya ɓoye magana! Da wa?"

Sai a lokacin Inna ta dube ta, irin duban da ake yi wa marar lafiya.

"Da Misbahu."

Alewar ta suɓuce daga hannunta.

"Misbahu... nawa?"

"Naki? Yaushe kika riƙe shi har ya zama naki?"

Kaf unguwarsu a Daura babu wanda bai san Lubna da karatun littattafan soyayya ba. Haya take ɗaukowa, ita da Sumayya su ƙule a ɗaki suna auna mazajen ciki kamar masu auna gero a kasuwar Mashi. Akwai Dakta Zakiyyu na littafi mai koren bango, wanda ko gishiri matarsa ta zabga a miya sai ya ce da ita "hasken idona". Akwai Kyaftin Harisu na wani littafin, mai zafin kishi, mai yin fushi ya ɓace, sannan ya dawo yana durƙuso da roƙo. Sai Alhaji Yahya mai kyautar mota, shi aibinsa ba ya zaman gida.

"Dakta ne mijin aure," in ji Lubna kullum. "Kyaftin kuwa na tayar da hankali ne, amma wallahi akwai daɗi!"

Shi kuwa Misbahu bakaniken babur ne a hanyar Kongolam. Bayan la'asar yake zuwa zance, ya tashi kafin magariba, don tun da aka kafa shari'a iyaye suka daina ɗaga ƙafa. Duk sabulun da zai goga, baƙin mai ba ya barin farcensa. Hirar tasa ma ba ta wuce guda.

"Kin ci abinci?"

"Haba Misbahu! Da Dakta ne, da cewa zai yi bai iya barci ba saboda tunanina."

"To ni na yi barci. Na gaji ne. Amma kin ci?"

Tana sonsa, wannan ba ƙarya ba ne. Lokacin da Inna ta kwanta ciwo, shi ya rufe garejinsa ya nemo mota, ya wuni tsaye a bakin asibiti. Sai dai wannan ba ya cikin kowane littafi, don haka Lubna ba ta sa shi a ma'auni ba.

Ranar ƙunshin wata 'yar'uwarsu abin ya lalace. 'Yanmata sun cika ɗaki, ƙafafu a ɗaure da lalle, Lubna ta baje kolin mazajenta ana ta shewa. Sai Sumayya ta ɗaga murya.

"To Misbahu fa? Wane matsayi kika ba shi?"

Lubna ta kwashe da dariya.

"Shi? Ai in ya shiga littafi, sai dai ya zama mai wanke wa Dakta mota!"

Sumayya ta san Goggo Kulu, mahaifiyar Misbahu, tana bakin ƙofa tana alwala. Lubna ce ba ta sani ba.

Daga ranar Misbahu ya ɗauke ƙafa. Inna ta ce ta je ta ba Goggo Kulu haƙuri, Sumayya ta ce kul.

"Ja ajinki, ƙawata! Kin manta Kyaftin? Haka suke yi, zai dawo da kansa yana kuka."

Kuma Lubna ta yarda. Har jawabin da za ta yi masa in ya durƙusa ta tsara.

Yanzu ga alewa a ƙasa. Ta zari hijabi ko takalmi ba ta daidaita ba. Ta same shi tsugune gaban wani babur, rana na dukan bayansa.

"Misbahu..."

Ya miƙe a hankali yana goge hannu da tsumma.

"Masoyina, wasa nake yi! Wallahi wasa ne!"

Wannan ne karon farko da ta kira shi da sunan, shi ma ya lura.

"Na sani," ya ce. "Goggo ta ce ba za ta haɗa jini da mai raina sana'ar ɗanta ba. Na ce mata ta bari, za ki zo. Kullum sai na ce mata za ki zo."

"Na ɗauka kai za ka dawo..."

"Kamar Kyaftin?"

Ta zaro ido tana kallonsa, ya ci gaba.

"Na karanta littattafan nan naki, Lubna. Sumayya ce ta aiko min da su, ta ce in ga abin da kike nema. Ni da ban gama firamare ba, da ƙyar nake haɗa baƙi, amma na kai ƙarshe." Ya yi wani murmushi mai ciwo. "Dakta ya iya magana, ban musa ba. Sai dai wani ne yake zaune yana rubuta masa abin da zai faɗa. Ni ba ni da mai rubuta min."

"Sumayya munafuka ce! Ita ta shirya komai!"

"Wataƙila. Amma ba ita ta sa maganar a bakinki ba. Kuma manya sun riga sun shiga."

Hawaye suka wanke mata fuska. Ta juya a hankali tana jan ƙafa, kunnenta a baya, tana jiran ya kira sunanta kamar yadda ake yi a shafin ƙarshe. Ƙarar sifana kawai ta ji.

Da ta shiga gida, Inna ta dubi idanunta ba ta tambayi inda ta je ba. Ta turo mata kwano.

"Zo nan, 'yar nan. Kin ci abinci kuwa?"

Nan Lubna ta zube a tsakar gida, ta fashe da kukan da har maƙwabta sai da suka leƙo.