Baƙar Roba a Motar Affan

Ranar Lahadi da hantsi aka kira Sufeto Jalo. Wani matashi daga unguwar Woolwich, Affan, ya rasu a filin tseren motoci da ke bayan gari. Tseren miƙaƙƙen layi ne, ba ko kwana ɗaya, amma yana taka mai, sai motar ta yi tsalle ta daki katanga.

Jalo ya tsani irin wannan aiki. Yaro da ƙuruciyarsa, an kwashe shi a leda.

Mai binciken motoci na 'yan sanda ya miƙo masa wata baƙar roba a yage.

"Bushin ne, yallaɓai. Shi ke riƙe ƙarfen da ya haɗa tayar baya da jikin mota. Na motar cefane ne, mai laushi. 'Yan tsere jan nan mai tauri suke sawa, don kada taya ta yi rawa."

Jalo ya nufi wurin Hamdan, babban abokin hamayyar marigayin.

"Ka je garejin su Affan a makon nan?"

"Ni? Never. Ko hanyar ban bi ba."

Jalo ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar Hamdan. Ga jan bushin sabo fil, da ɗigon koren fenti a gefe. Duk wani ƙarfe na motar Affan da irin wannan ɗigon, haka yake yi wa kayansa alama.

"To wannan daga sama ya faɗo?"

Gumi ya karyo wa Hamdan. "Wallahi ba sata na yi ba. Yayansa Shafi'u ne ya ba ni kyauta, ya ce sun yi upgrade, sun sa wanda ya fi shi."

Shafi'u ne mai garejin, shi ya haɗa motar Affan da hannunsa. Jalo ya same shi a flat ɗin mahaifiyarsu ana zaman makoki, ya ja shi baranda.

"Wa ya sa wa motar bushin?"

"Affan da kansa."

"Affan da ke yi wa kowane kusa fenti, shi zai sa robar motar cefane? Kai kuma ka kyautar da nasa?"

Shafi'u ya riƙe ƙarfen baranda. Da ƙyar magana ta fito.

"Hajiya ce ta kira ni. Ta ce ni ne babba, in ban raba shi da tseren nan ba, ba za ta yafe min nononta ba. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, ya yi min dariya. Sai na ce bari motar ta yi rawa a layin farawa, ya sha kunya, ya haƙura. Kunya kawai na so ya sha, Sufeto. Na manta Affan ba ya ɗaga ƙafa daga mai."

Takaici ya cika Jalo, ya rasa ma wanda zai zaga.

"Alfarma ɗaya," in ji Shafi'u. "Kada a sa min ankwa a gabanta."

Suka ratsa falo. Hajiya na kan darduma, idanu sun kumbura. Ta ɗago ta kamo gefen rigar ɗanta.

"Ina za ka kuma?"

"Station, Hajiya. Wasu tambayoyi ne."

"To ka dawo da wuri. Da ka ji maganata ka hana shi, da yana nan. Yanzu kai kaɗai ka rage min."

Suka fita suka shiga lif. Jalo ya jira sai da ƙofar lif ta rufe, sannan ya ciro ankwar.